Amsa ga Almajirina Kan Ɗaukar Hoton Mutum-mutumin Mala'iku a Tsofaffin Maƙabartu

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa hotunan mutum-mutumin mala'iku na tsofaffin maƙabartun Turai suke fitowa da zurfi, har ana ganin ninkin tufafi da gashin fukafukai, alhali kai in ka ɗauki farin abu sai ya fito toka-toka kuma a shafe. Kyamararka ba ta da laifi, ba ka san halin haske a kan dutse ba ne tukuna.

Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani zuwa tsaka-tsaki, saboda haka idan farin dutsen mabul ya cika hoton, sai ya rage haske da kansa. Gyaran shi ne ka ƙara haske da mataki ɗaya, wato ka ninka hasken da ke shiga kyamara sau biyu, ko kusa da haka, amma ka lura kada goshi da kafaɗu su ƙone, domin wurin da ya ƙone ba ya dawowa ko a kwamfuta. Mutum-mutumin tagulla da ya yi duhu kuwa, ragewa ake yi.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne inda hasken yake fitowa. Sassaƙa ba ta bayyana sai da inuwa, inuwa mai kyau kuma daga gefe take zuwa, da hantsi ko bayan la'asar. Ranar tsaka tana cika ramin idanu da baƙi, filasha kuwa tana kashe fuskar gaba ɗaya. A maƙabartar Staglieno ta birnin Genoa a Italiya, wadda aka buɗe a 1851, mala'ikan da Giulio Monteverde ya sassaƙa a 1882 don kabarin iyalin Oneto yana ƙarƙashin rufi, don haka hasken wurin kaɗan ne, mai ɗauka yana bukatar tsayar da kyamara cak. Wanda William Wetmore Story ya yi a 1894 a Roma ya kife kansa a kan kabari, fuskar a ɓoye take, sai dai mai hoto ya nemi baƙin cikin a hannun da ke reto da fukafukan da suka sunkuya. A ganina irin wannan ne ke gwada gwanintar mutum.

Ka ja baya kaɗan, ka yi amfani da gilashin kyamara mai jawo nesa, ka buɗe ƙofar shigar haskensa sosai domin sauran kaburbura su dushe a baya. Kada ka taɓa dutsen ko ka goge gansakuka, kada ka taka kabari, ka nemi izinin masu gadi, idan kuma ana jana'iza ka ajiye kyamara. Ka sani dai waɗannan siffofi tunanin masassaƙa ne kawai, mu kuma maƙabartunmu ba a kafa irinsu.

Rashinsu a Damagaram ba zai hana ka koyo ba. Adon da magina suka fitar a bangayen gidajen Birni yana amsa haske kamar yadda sassaƙa take yi. Ka zaɓi bango ɗaya, bayan ka gaisa da masu gidan, ka ɗauke shi da hantsi, da azahar, da bayan la'asar, daga wuri guda, sannan ka maimaita ranar da hazo ya tausasa rana. Ka kawo mini su shago mu jera, mu duba inda inuwar ta faɗi a kowanne.