Hukuncin tara tsoffin tsabar zinaren Farisa na gwaji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina tara tsoffin tsabar zinare na Iran (Farisa), musamman na gwaji, waɗanda aka buga a matsayin samfur amma ba su shiga kasuwa ba, tun daga zamanin sarki Nasiruddin Shah (1848–1896) zuwa na sarakunan gidan Pahlawi. Akwai hoton sarki a jikinsu, da zaki da rana, kuma a gwanjon intanet nake saye. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tarawar halal ce, ɗan'uwa, muddin ba ta cinye haƙƙin iyali ba. Hoton ma bai dame ni sosai ba. Sahabbai sun yi ciniki da dirhamin Kisra mai hoton sarkin Farisa da wurin bautar wuta, har halifa Abdulmalik bin Marwan ya bugo dinari mai rubutu zalla a shekara ta 77 Hijira. Sai dai ka adana su a akwati, kada ka kafe su a bango don girmamawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen saye. Rashin yawonsu a kasuwa bai cire musu sunan zinare ba. Hadisin Ubada bin Samit a Sahihu Muslim ya shardanta daidai wa daida da hannu da hannu a musayar zinare da zinare, riwayar Abu Dawud kuma ta haɗa bugaggen zinare da ɗanyensa a hukunci ɗaya. Don haka idan musaya za ka yi da wani zinaren, nauyi da nauyi ne, ko da tsabar guda uku ce kacal a duniya. Tsufa ba ya hawa sikeli. Idan kuwa da dala ko yuro ne, biya ko nawa kuka daidaita, amma karɓa ta zo tare da biya. A tura kuɗi yau, kaya su iso bayan mako uku, wannan ribar jinkiri ce. Ka wakilta wanda zai karɓa a madadinka lokacin da kuɗin ke shiga.

Zakka kuwa a mazhabar Malik nauyi ake dubawa. Cikakkiyar tsabar da ake kira Pahlawi ɗaya giram 8.13 ce, tsantsar zinarenta wajen giram 7.3, kenan guda 12 sun haura nisabin giram 85. Shekara na zagayowa ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari, ko da ba ka taɓa buɗe akwatin ba.

Wallahu a'alam.