Tambaya da Amsa: Furen kabewata sai zubewa yake yi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina da ɗan fili a bayan gida ina shuka kabewa da kankana, bara fure ya yi ta fitowa amma sai ya zube ba ɗa, wata maƙwabciyata tace rashin ƙudan zuma ne wai in shuka fulawa, to mu nan ruwa ma siya muke a wajen ƴan garuwa, wace fulawa ce za ta jure? Daga wata mai karatu a Gumel.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Maƙwabciyarki ta yi gaskiya, kabewa da kankana furensu kashi biyu ne, akwai namiji akwai mace, macen ita ce za ki ga ɗan ƙullutu a gindinta, in ƙudan zuma bai kwaso garin furen namijin ya kai mata ba to bushewa za ta yi ta faɗi.

Ni dai ba zan ce ki je ki sayo fulawar da ake sayarwa a leda bakin titi ba, yawancinsu ruwa suke sha kamar me. Ki shuka karkashi. Eh wannan dai karkashin namu na miya, ɗan uwan riɗi ne, ɗan ƙasa ne da yake fitowa da kanshi a jigawa ba mai ba shi ruwa ba taki, kuma furensa ruwan hoda mai kamar ƙararrawa ƙudan zuma na shiga ciki sosai. In damina ta sauka wajen watan Yuni ki watsa irin a gefen kunya, kar ki binne shi da zurfi tunda ƙanana ne, sannan ki ware kamar gindi 10 da ba za ki tsinki ganyensu ba, sauran ki yi miyarki. Ki bari kwanson ya bushe a jiki, zai fashe ya zubar da iri, baɗi ya fito da kanshi.

In akwai tumfafiya a bayan katanga kar a sare ta, har da rani tana fure, sai dai a kula da yara saboda farin ruwanta yana illa ga ido.

Abin da ya fi damuna shi ne feshi, wallahi mutane na fesa maganin ƙwari da safe daidai lokacin da furen kabewa ya buɗe ƙudan zuma na kai. In ya zama dole ki bari sai da yamma liƙis.