Oga ya ce mu ’yan gida ɗaya ne, amma ba ni da takardar aiki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin rarraba kayan masarufi a Ikeja, mu goma sha biyu ne. Wata bakwai ke nan ba a ba ni takardar ɗaukar aiki ba, albashi yakan kai goma ga wata bai shigo ba, ranar Juma’a kuma sai na yi roƙo kafin in fita masallaci. In na yi magana oga ya ce ai mu ’yan gida ɗaya ne. Mutumin kirki ne, ba na son ɓata da shi. Ya zan yi? — Mai karatu daga Agege

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan’uwa. A ƙaramin kamfani babu ofishin kula da ma’aikata, halin oga shi ne tsarin wurin. Akwai daɗi a ciki, ban musa ba. Kana koyon lissafi, sito da mu’amala da kwastoma duk a shekara guda, in matarka ta haihu oga na iya zuwa suna da kansa. Amma kirkin mutum ba ya biyan kuɗin haya, kuma in ya sayar da kamfanin ko ya miƙa wa ɗansa, wata bakwai ɗinka babu inda aka rubuta su.

Don haka takardar ita ce kan gaba. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma’aikaci rubutattun sharuɗɗa kafin cikar wata uku da fara aiki: irin aikin, albashi da lokacin biyansa, sa’o’in aiki, hutu, da wa’adin sanarwa kafin rabuwa. Dokar ba ta ware ƙananan kamfanoni daga wannan ba. Ta kuma ce kada tazarar biyan albashi ta wuce wata guda, kuma wanda ya cika wata goma sha biyu yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa. A matsayinka na yanzu, sanarwar mako guda ce tsakaninku in za a rabu.

Wani abu kuma kada ka kai shi gaban oga: mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wanda ma’aikatansa ba su kai 25 ba. Naira 85,000 da kake ji a Legas kuwa gwamnatin jiha ce ta yanka wa nata ma’aikatan.

Yadda za ka yi maganar shi ne rabin aikin. Kada ka tare shi a gaban abokan aiki, kada ka fara da ambaton doka. Ka bari sai an tashi, ya rufe littafin ciniki, ka shiga ka ce, “Oga, ina jin daɗin aiki da kai, ina so in daɗe. Don Allah a rubuta mini sharuɗɗan aikina, ko banki da mai gidan haya suna tambaya.” Yawancin masu ƙananan kamfanoni ba mugunta ke hana su ba, ba su taɓa zama sun rubuta ba ne. Kai ma ka adana saƙon banki na kowane albashi da saƙonnin WhatsApp da yake tura maka aiki, shaida ce in ta kai ga Kotun Ma’aikata ta Ƙasa da ke Ikoyi, Allah ya sa kada ta kai.

Batun Juma’a ya fi sauƙi. Wanda ke aikin sa’a shida ko fiye a rana yana da hutun da bai gaza sa’a ɗaya ba. Ka nemi a tsayar maka da naka ranar Juma’a a kan lokacin sallah, ka sami masallaci kusa da wurin aiki, don in ka ce sai Agege cunkoso zai cinye maka la’asar. Ka shirya da abokin aiki Kirista ya riƙe maka teburi, kai ka riƙe masa ranar da yake da hidimar coci.

In ya ji ka ya rubuta, ka zauna ka ci gaba da koyo. In wata biyu suka wuce yana ta “za mu duba”, ka fara neman wani wurin a hankali, kada ka ajiye wannan sai ka riƙe takardar wancan a hannu.