An killace daji, an hana farauta, me ya sa dabbobin ba sa ƙaruwa?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina yawan jin cewa akwai gandun daji da aka killace, an sa ma'aikata suna tsaro, ba mai farauta, amma duk da haka manyan namun daji sai raguwa suke. To in ba a kashe su, me ke cin su?

Amsa: Yauwa ɗan uwa, madalla da wannan tambaya, don nan ne mutane da yawa ke tsayawa, suna ganin da zarar an ja iyaka an sa masu gadi shikenan an gama. Tsaro yana da muhimmanci sosai, amma akwai abin da bindigar mai gadi ba ta iya tarewa, wato yankewar hanya tsakanin wannan daji da wancan.

A da dajin a haɗe yake, ɗan zaki in ya balaga manya su kore shi, ya yi tafiya mai nisa ya je ya samu mata a wani garke da ba danginsa ba. Yanzu gonaki da tituna da garuruwa sun yayyanka dajin gida-gida, kowane yanki ya zama kamar tsibiri, wanda aka haifa a ciki a ciki zai mutu, to da wa zai yi barbara in ba 'yar uwarsa ko 'yarsa ba?

Ga inda matsalar take. Kowace dabba tana gadon ƙwayoyin halitta bibbiyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma kusan kowa yana ɗauke da wasu masu lahani a ɓoye, ba sa nunawa saboda ta ɗaya ɓangaren lafiyarta ƙalau tana rufa mata asiri. Amma in uwa da uba jininsu ɗaya, sai ɗan ya gaji mai lahanin ta duka ɓangarorin biyu, babu mai rufewa kuma. Daga nan sai ka ga haihuwa ta ragu, 'ya'ya na mutuwa tun suna ƙanana, cuta kaɗan ta kwantar da garke duka tunda garkuwar jikinsu iri ɗaya ce.

An ga wannan ƙiri-ƙiri a damisar Florida ta Amurka. Farkon shekarun 1990 ba su wuce 20 zuwa 30 ba, ana samunsu da karkatacciyar wutsiya, da ciwon zuciya, maza da yawa marainansu ba su sauko ba, maniyyinsu ba ƙarfi. A 1995 aka kawo mata 8 daga Texas aka sake su a can, 5 daga ciki suka haihu, 'ya'yan suka fito sun fi lafiya sun fi rayuwa, yau ana ƙiyasta manya tsakanin 120 zuwa 230. Mata takwas fa kawai.

Sai dai labarin da ya fi tsaya min a rai shi ne na kyarketan tsibirin Isle Royale da ke tafkin Superior a Amurka. Sun shiga tsibirin ne a ƙarshen shekarun 1940 ta kan ƙanƙara lokacin da ruwan ya daskare, suka yi yawa har suka kai 50 a 1980. Tsibirin gandun gwamnati ne, ba mai harbinsu, amma duk da haka barbarar dangi ta raunana su. A 1997 wani namiji ɗaya ya tsallako daga waje, ya fi na gida ƙarfi nesa ba kusa ba, ya mamaye haihuwa, aka samu sauƙi na ɗan lokaci, amma cikin shekara goma fiye da rabin jinin garken ya zama nasa, wato an koma gidan jiya. Ƙanƙarar da ke haɗa su da waje kuma ta rage samuwa saboda ɗumamar yanayi. Zuwa 2016 saura biyu tak, uba da 'yarsa, kuma uwarsu ɗaya. Dole aka kwaso wasu 19 daga waje a 2018 da 2019. Abin da nake so ka ɗauka a nan, shigowar sabon jini sau ɗaya ba ta wadatarwa, dole hanyar ta ci gaba da zama a buɗe.

Shi ya sa masu binciken namun daji ba sa ruɗuwa da ƙidaya. Za a ce akwai ɗari a wuri, amma nawa ne ke haihuwa? In namiji biyu ne suka riƙe mata duka, ta fuskar gado garken ƙarami ne ƙwarai. Tun 1980 masana suka kawo ma'aunin 50 da 500: masu haihuwa 50 don kauce wa illar barbarar dangi nan kusa, 500 don iri ya ɗore, kuma daga baya wasu sun ce ma a ninka. Gane hakan ba sai an kama dabba ba, kashinta ko gashin da ta bari jikin itace ya isa a kai ɗakin gwaje-gwaje a ga wa ya haifi wa.

Magani mafi inganci a wajena shi ne a bar musu hanya, ko da siririn daji ne a bakin kogi da zai haɗa gandu biyu. A gandun Banff na Kanada an yi wa babban titi shinge aka gina gadojin sama 6 da hanyoyin ƙasa 38 don dabbobi kawai, karo da motoci ya ragu da sama da kashi 80 cikin ɗari, gwajin gashi kuma ya nuna beyar na tsallakawa suna haihuwa a ɗaya gefen. Ɗauko dabba a mota a kai ta wani daji yana aiki, amma akwai tsada, ana iya kwaso cuta, kuma in wurin bai faɗaɗa ba bayan wasu shekaru sai an sake. Ita kanta damisar Florida har yau mota ce kan gaba wajen kashe ta, don titunan da suka raba dajin suna nan.