Filin Likita: Nonona ya kumbura bayan na fara shan maganin hawan jini

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 56. Wata bakwai ke nan da aka ƙara mini wani magani mai suna spironolactone saboda hawan jini da kumburin ƙafa. Yanzu nonona na dama ya tasa, ko riga ta goge shi sai in ji zafi. Kunya ta hana ni faɗa wa iyalina. A guruf ɗinmu na WhatsApp wani ya ce sankara ce, wani ya ce in watsar da maganin. Daga wani magidanci a Katsina.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara da ka faɗa. Wannan magani an daɗe da sanin halinsa. Yana tare wa sinadarin maza, wato testosterone, hanyar yin aikinsa a jikin namiji, sai sinadarin mata, wato estrogen, wanda kowane namiji ke da ɗan kaɗan, ya samu sarari ya sa tsokar nono ta girma. A wani babban bincike kan masu ciwon zuciya da aka wallafa a 1999, maza 10 cikin 100 da suka sha shi sun samu kumburi ko zafin nono, alhali cikin waɗanda ba a ba su shi ba 1 ne kacal cikin 100.

Kada ka daina da kanka. Idan ruwa ya sake taruwa a ƙafa ko a huhu, lamarin ya fi na nono muni. Koma wurin likitan da ya rubuta maka, ka buɗe masa riga ya taɓa. Zai iya rage maka adadin da kake sha, ko ya canza maka zuwa eplerenone wanda bai cika jawo wannan ba, sai dai ya fi tsada. Kuma kada ka yi jinkiri: a watannin farko kumburin kan saɓe idan aka cire sanadinsa, amma in ya shekara tsokar takan taurare, a nan sai tiyata.

Mai maganar sankara ya yi saurin yanke hukunci, amma ba shirme ya faɗa gaba ɗaya ba. Kusan 1 cikin 100 na masu sankarar mama maza ne. Kumburin magani yana zama daidai ƙarƙashin kan nono, da ɗan laushi, yana zafi. Wanda ke tayar mana da hankali shi ne ƙullutu mai tauri a gefe guda, marar zafi, ko jini na fita daga kan nono, ko fata ta lotsa, ko kaluluwa a hammata. Likitan zai kuma duba hanta da ƙoda, domin ciwonsu ma na jawo hakan, haka kuma magunguna irin su cimetidine na gyambon ciki, ketoconazole, risperidone, da efavirenz na masu cutar ƙanjamau.

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 14 nonuwansa sun fito kamar na budurwa, ba ya shan kowane magani. Kakarsa ta ce a riƙa danna masa da muciya mai ɗumi. Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, a bar muciya a kicin, ƙuna kawai za ta jawo masa. Balaga ce, kuma samari da yawa na shiga wannan hali tsakanin shekara 13 zuwa 14. Yakan tafi da kansa cikin wata 6 zuwa shekara 2. In ya wuce haka ko yana ta ƙaruwa, ki kai shi asibiti. Kafin nan ki tsawata wa 'yan'uwansa masu tsokanarsa.

Tambaya: Ina ɗaga ƙarfe. Wani abokina ya kawo mini allurar ƙara ƙwanji, ya ce ba ta da illa tunda sinadarin maza ce. Gaskiya ne? Daga wani matashi a Kaduna.

Amsa: Ɗana, ba gaskiya ba ne. Jiki na juya rarar testosterone ta koma estrogen, shi ya sa masu wannan allura ke ƙarewa da nono. Tana kuma ƙanƙantar da 'ya'yan maraina, ta rage maniyyi, ta taɓa zuciya. Abokinka sayarwa yake yi, ko kuma shi ma an sayar masa.

Tambaya: Duk lokacin da na karanta takardar cikin kwalin magani sai tsoro ya kama ni, illoli sun fi talatin. In na duba intanet kuma kowa da abin da yake faɗa. Wa zan yarda da shi? Daga wata malamar makaranta a Zariya.

Amsa: Malama, tambayarki ta fi kowace daɗi a wurina. Doka ce ta tilasta wa kamfani ya rubuta illolin da aka gani, har da wanda ya samu mutum ɗaya cikin dubbai. Saboda haka kada ki ƙirga yawansu, ki duba rukuninsu. Akwai wanda ke samun fiye da mutum 1 cikin 10, akwai na 1 cikin 100, akwai na 1 cikin 1,000, har zuwa wanda bai kai 1 cikin 10,000 ba. Ki nemi kuma wurin da aka ce a dakata a garzaya asibiti, kamar kumburin fuska da leɓe, sarƙewar numfashi, ko ƙuraje masu saɓule fata.

Matsalarmu a nan ita ce da yawa ba ma ganin takardar. Mai kemis ya ƙirgo ƙwayoyi a leda, fari biyu ja ɗaya, ba suna ba komai. Ki ce a rubuta miki ainihin sunan maganin, wanda ke ƙasan sunan da kamfani ya raɗa masa da ƙananan haruffa, domin da shi ake bincike. Ki duba lambar rajistar NAFDAC a jikin kwalin. Sannan ki tambayi ƙwararren mai harhaɗa magunguna na asibiti. Aikinsa ke nan, kuma sau da yawa ya fi mu likitoci lokacin yin bayani.

A intanet, shafin MedlinePlus na gwamnatin Amurka da na hukumar lafiyar Ingila, NHS, suna da bayani mai sauƙi, ba sa tallan komai, sai dai da Turanci suke. Shafin da ya tsorata ki sannan ya ce ki sayi haɗinsa na wanke jiki, ki rufe shi. Idan kuma wani magani ya yi miki illa, ki sanar. NAFDAC na da cibiyar sa ido kan illolin magunguna tun 2004, akwai fom mai launin rawaya a asibitoci, akwai kuma manhajar waya mai suna Med Safety da aka ƙaddamar a Najeriya a 2020. Ki sa sunan maganin, ranar da kika fara sha, da abin da kika ji a jikinki.