Ku fara da sanin wanda ke bayan ƙofa, kuɗi su biyo baya

Wa alaikumus salam, Malama. Na ga tambayarki cewa ke da wasu maƙwabta kuna son kafa kwamitin da zai kula da tsofaffi da masu zaman kaɗaici idan annoba ta sake kulle mutane a gida, kuma kina tambaya ko ku fara da buɗe asusu don sayen kayan abinci. 'Yan'uwa da dama sun ce miki e. Ni kam zan ɗan saɓa musu, domin na yi wannan aiki lokacin korona, tun daga farkon kulle har aka sassauta, kuma tara kuɗi bai taɓa zama babbar matsalarmu ba. Idan tsoro ya shiga gari hannun mutane yana sakuwa. Abin da ya ba mu wuya shi ne gano wanda ya yi shiru a ɗakinsa, da samun wanda zai ci gaba da tunawa da shi bayan ɗokin farko ya wuce.

Saboda haka ku fara da takarda da biro. Ku bi layi-layi ku rubuta waɗanda kulle zai fi yi wa illa, tun yanzu da ƙafa take sake. Tsoho ko tsohuwa mai zama ita kaɗai kowa zai tuna da ita. Amma akwai waɗanda ake mantawa: mai ciwon suga ko hawan jini ko asma, mai zuwa wankin ƙoda, mai ciki da ta kusa haihuwa alhali dokar hana tafiya ta tsare mijinta a wani gari, wanda sai ya fita da safe yake samun na ranar, baƙon da ya tare kwanan nan bai san kowa ba. Akwai kurma, wanda sanarwar rediyo ba ta isa gare shi, ga takunkumi ya rufe leɓen da yake karantawa. Akwai kuma matar da ke jinyar mahaifiyarta a kwance; ita lafiyarta ƙalau, amma ranar da ta kwanta mutum biyu ne suka faɗi.

Kada ku ce za ku yi sanarwa mabuƙata su zo su rubuta suna. Masu zuwa su ne masu ƙafa da bakin magana. Wanda ya fi shiga uku sau da yawa kunya ce take riƙe shi, ko yana ganin wani ya fi shi buƙata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ku tambayi maƙwabcin da suke katanga ɗaya, da ungozoma, da malaman makaranta, da shugabannin wuraren ibada. Sannan ku je wurin mutumin da kansa ku nemi yardarsa kafin sunansa ya hau takarda. Takardar nan kuma ta tsaya a hannun mutum biyu ko uku. Kada a jefa ta a zauren WhatsApp, don jerin gidajen da tsofaffi ke kwana su kaɗai ba abin da ɓarawo yake nema kamarsa. A lokacin korona an yi ta samun 'yan damfara da ke zuwa da sunan masu agaji, shi ya sa muka riƙa gabatar wa kowa da mai kula da shi, ya san sunansa da muryarsa.

Wannan ne ginshiƙin aikin a wurina: kowane mabuƙaci ya zama yana da mutum guda da aka ɗora wa shi, da wani na biyu a bayansa. “Kwamiti zai kula da ita” magana ce da ba ta da mai ita; kowa zai ɗauka wani ya kira. Kuma kada a ba mutum fiye da gida uku ko huɗu. Yawan masu sa kai ba shi ne aiki ba. A watan Maris na 2020 gwamnatin Birtaniya ta nemi mutum 250,000 su taimaka wa hukumar lafiyarta, cikin 'yan kwanaki 750,000 suka ba da suna, amma da yawansu sun yi makonni suna jira ba a tura musu aikin komai ba, alhali ƙananan ƙungiyoyin maƙwabta tuni sun fara kai saƙo ƙofa-ƙofa, don su sun san wa ke zaune a ina.

Sai maganar kiran waya, wadda mutane ke rainawa. Idan kika ce wa dattijuwa “Mama, lafiya?” amsarta “lafiya lau” ce ko da ba ta sa komai a baki ba tun jiya. Tambayar da ke aiki ita ce wadda ba a amsa ta da kalma ɗaya: me kika ci yau? ƙwayar magani nawa ta rage? da wa kika yi magana jiya? Akwai wani dattijo da aka ɗora mini, mai hawan jini, idonsa ya yi rauni. Kullum godiya yake yi, ba ya cewa komai ya ƙare. Sai na koma cewa, “Baba, ɗauko katin maganin ka shafa mini.” Ina jin ƙarar ledar a waya yana bin ramukan da yatsa, wannan babu, wannan babu, har ya ce, “Biyu suka rage, ɗana, amma ai ina raba su gida biyu.” Ashe ya kwana biyu yana shan rabi don kada ya dame mu. Daga nan muka sa wa kowa ranar ƙarewar maganinsa a takarda, muna nema masa tun saura mako guda.

Na daɗe a kan magani ne da gangan, don abinci kowa yana tunawa da shi, rashin magani kuwa shiru yake kisa. A binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe 155 a watan Mayun 2020, kashi 53 cikin ɗari sun ce kula da masu hawan jini ta samu tsaiko, kashi 49 kuma sun faɗi haka game da masu ciwon suga. Mai allurar insulin ba zai iya jiran a buɗe gari ba. Ku ɗauki hoton kwalin maganin kowa da takardar likitansa, ku roƙi likitan ya rubuta na wata biyu ko uku idan zai yiwu. Amma ku ja wa masu sa kai kunne: aikinsu kawo abin da likita ya rubuta ne, ba ba da shawarar magani ba. Lokacin annoba kowa likita yake zama a waya. A Iran ɗaruruwan mutane sun mutu a 2020 bayan shan barasa mai guba, saboda jita-jitar cewa tana kashe ƙwayar cutar. Tsohon da ke zaune shi kaɗai, wanda ba shi da abokin shawara sai saƙon da aka turo masa, shi ne farkon wanda irin wannan ke kamawa.

Wajen kai kaya abin da sauƙi. A ajiye a bakin ƙofa, a ƙwanƙwasa, a ja da baya kamar taku uku, a tsaya har mutumin ya fito. Tsayuwar nan ita ce rabin aikin, don a nan za ka ga yadda yake tafiya, ka ji ko numfashinsa yana yankewa a tsakiyar magana. Idan dole ne a shiga, a sa takunkumi, a buɗe taga, a gaggauta. Mai sa kai da ya tashi da tari ko zazzaɓi ya zauna a gida, komai kirkinsa. Wannan na cutar da ke bin iska ne irin korona. Ebola ta ruwan jiki take yaɗuwa, kwalara ta gurɓataccen ruwa da abinci, don haka duk wadda ta zo ku bi ƙa'idar da jami'an lafiya suka bayar a kanta.

Idan kuna da ɗan hali, ku sayi ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ta auna iskar oksijin a jini, ko guda biyu ce ana ara. Korona tana iya sauke iskar mutum sosai yana zaune yana hira bai ji komai ba. A ɗumama hannu, a goge jan farce, a jira lambar ta tsaya. Daga 95 zuwa sama babu damuwa, 93 ko 94 a kira ma'aikacin lafiya, 92 zuwa ƙasa asibiti nan take. Ki lura kuma, an gano cewa a kan fata mai duhu na'urar takan nuna lamba sama da gaskiya, saboda haka idan mutum yana haki, ko ƙirjinsa yana ciwo, ko maganarsa ta fara rikicewa, kada a tsaya gardama da na'ura. Ku san tun da wuri wa ke da mota, wa zai iya tashi ƙarfe biyun dare, da wace takarda ake nunawa a shingen jami'an tsaro.

Wani abin da asusu ba ya sayowa shi ne kawar da ƙyama. Gidan da aka ce an samu mai cutar, sai ki ga an daina ko gaishe su, har yaransu ana nunawa da yatsa. Sakamakonsa kuwa gida na gaba zai ɓoye nasa maras lafiyar. An ga haka a Gini da Laberiya da Saliyo lokacin Ebola ta 2014 zuwa 2016, wadda ta kashe sama da mutum 11,000: an yi ta ɓoye majinyata, sai da aka jawo shugabannin al'umma da waɗanda suka warke cikin aikin sannan mutane suka fara yarda. Don haka gidan da aka killace shi ne na farko a jerinku, kuma abin da kuka gani a can ya tsaya a cikinku. Haka nan maganar hoto. Na san masu ba da kuɗi suna son shaida, to ku nuna musu rasit. Ɗaukar tsohuwa hoto tana riƙe da leda hanya ce ta sa ta ce muku gobe ba ta buƙatar komai.

Kaɗaici kuma ciwo ne da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce damuwa da baƙin ciki mai tsanani sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya a shekarar farko ta korona. Akwai wadda ba ta taɓa karɓar ko ƙwayar abinci daga gare mu ba, 'ya'yanta suna turo mata komai. Abin da take jira shi ne kiran yamma, ta ba da labarin jikokinta. Kada mai kira ya riƙa duba agogo. Sannan ba kowane mai kaɗaici ne yake zaune shi kaɗai ba. Matar da aka kulle da mijin da ke dukanta ba za ta iya magana a gabansa ba. Mace ce ya kamata ta kira ta, ta yi mata tambayoyin da e ko a'a ya isa.

Yanzu ga asusun da kika tambaya. Ku buɗe, amma bayan takardar ta kammala, don ita za ta gaya muku me za a saya. Za ku tarar da yawa suna da kuɗinsu, ɗan aike kawai suka rasa. Mutum biyu su riƙa sa hannu, a karanta lissafi duk mako ko ba wanda ya nema. Kada ku ƙarar da komai a babban rabo guda na makon farko, lokacin da kowa ma yake rabo. Wahalar tana zuwa ne a wata na biyu, bayan masu bayarwa sun gaji. Ku ware kaso na magani, da katin waya, da man mota.

Masu sa kai su ma suna gajiya, wasu za su kwanta, wasu za su yi rashi a gidajensu, shi ya sa na ce kowa da na bayansa. Ku kuma yanke doka guda da ba a tattaunawa a kanta: idan an kira mutum sau biyu bai ɗauka ba, a je ƙofarsa a ranar, ba gobe ba. Idan kina so, zan turo miki yadda muka tsara layukan takardarmu, ba tare da sunan kowa ba, sai ku gyara daidai da unguwarku.