Me za mu karanta a zaman laburare kan yawan saye-saye?

Malam, ka ce kuna son fara zaman karatu a laburaren garinku a yankin Gumel kan yawan saye-saye da cin bashi, kana tambayar da wane littafi za ku fara. Ku fara da Riyadus Salihin na Imamu Nawawi, babin ƙana'a da tsaka-tsaki wajen ciyarwa. Akwai fassararsa da Hausa, kuma da wuya a rasa mai shi a gari. Ku haɗa da aya ta 67 a Suratul Furƙan da ta 26 da 27 a Suratul Isra'i. Littattafan Turawa su jira, matsalar katin bashin Amurka ba tamu ba ce.

Sharaɗi ɗaya: kada zaman ya koma wa'azi zalla, mutane za su gudu. Bayan karatu, wani ya kawo lissafin lefe na gaske, akwati nawa, atamfa turmi nawa, buhun gero nawa aka sayar a kansa, a rubuta a allo ba tare da suna ba. Nan ne bakin kowa yake buɗewa, har masu gyangyaɗi. Ku sa shi da kaka, lokacin da kuɗin riɗi ke hannu, amma ban da Alhamis, ranar kasuwar Maigatari ce, ba wanda zai zo.